Jakar Wasiƙu: Rigunan Furanni da Hulunan Hawai a Titunan Bauchi

Tun da sanyin hunturun bana ya ja baya wasiƙu suke ta shigo wa wannan fili a kan wasu riguna masu zanen furanni da ganyaye, da kuma hulunan hana-salla masu ɗauke da kalmar "Aloha" ko lamba 808, waɗanda samari suke yayi a garin Bauchi, musamman wajen Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka fi yawa. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Gwallameji. Na sayi hana-salla a kasuwar Wunti, a goshinta an yi surfanin lamba 808, a gefe an rubuta "HI" da "Aloha", a baya kuma akwai zanen hannu wanda aka miƙe babban yatsa da ɗan ƙaramin, aka lanƙwashe ukun tsakiya. Abokaina suna ta gardama, wani ya ce lambar layin Airtel ce, wani kuma ya rantse alamar ƙungiyar asiri ce. Mene ne gaskiyar maganar?

AMSA: Ɗana, ka kwantar da hankalinka, babu wani asiri a kan hularka. Abokinka da ya ce lambar waya ce ya kusa da gaskiya, ƙasar ce kawai ya ɓata. Lamba 808 ita ce ake fara dannawa idan za a kira waya a Hawai, wasu tsibirai da ke tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kalifoniya. Da yake duk tsibiran lamba ɗaya suke amfani da ita, sai mutanen wurin suka mayar da ita tambarin gida, kamar yadda ɗan Bauchin Yakubu zai hangi mota mai lambar BAU a cikin cunkoson Legas ya ji ransa ya yi fari. Haruffan "HI" kuwa gajarta sunan jihar ne a tsarin gidan waya na Amurka.

Na ce jiha, domin tun watan Agusta na 1959 Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka, amma kafin nan masarauta ce mai cin gashin kanta. Sarki Kamehameha na Ɗaya ne ya haɗa tsibiran a ƙarƙashin sarauta guda a 1810, zuriyarsa da magadansu suka ci gaba da mulki har zuwa Janairun 1893, lokacin da wasu Turawa 'yan kasuwa, waɗanda yawancinsu dukiyarsu ta rake ce, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani bayan an sauke sojojin ruwan Amurka a Honolulu, babban birnin ƙasar. A 1896 aka yi dokar da ta mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar, harshen mutanen kuma ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa kafin a mayar da shi harshen hukuma a jihar a 1978. A 1993 majalisar Amurka ta nemi afuwa a rubuce kan tumɓuke sarauniyar, shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Na kawo maka wannan tarihi ne don ka san cewa idan ɗan asalin wurin ya ɗora irin wannan hula a kansa, ba gayu kaɗai yake yi ba, yana shaida wa duniya ne cewa har yanzu suna nan.

"Aloha" gaisuwa ce da ake yi idan an haɗu da kuma idan za a rabu, sannan tana ɗauke da ma'anar ƙauna da tausayi. Abin da ya fi kama da ita a bakinmu shi ne "sannu", wadda ake yi wa mai aiki, a yi wa baƙo, a yi wa majinyaci. Zanen hannun kuma sunansa "shaka", alama ce ta gaisuwa da nuna cewa komai lafiya, har ma gwamnatin jihar ta yi mata doka a 2024 ta zama alamar hannu ta hukuma. A nan wurinmu idan ka kai irin wannan hannu kusa da kunne, cewa kake a kira ka a waya, saboda haka ma'anar ta danganta da inda kake tsaye.

Yadda abin ya iso har Wunti kuwa, ta hanyar wasan hawan igiyar ruwa a kan allo ya biyo. Wasan na mutanen Hawai ne tun kaka da kakanni, kuma wani gwanin ninkaya ɗan asalin wurin, Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 1912, ya taka babbar rawa wajen yaɗa shi a Kalifoniya da Ostireliya. Masu sassaƙa allunan wasan suka riƙa buga tambarinsu a kan riguna da huluna, kamar kamfanin T&C Surf da aka kafa a Hawai a 1971, da Shawn Stussy na Kalifoniya wanda ya fara sayar da riguna masu sa hannunsa a farkon shekarun 1980. Daga nan salon ya haɗu da na mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka, ya zama kayan gayun samarin birni a duk duniya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce a unguwar Jahun. Ɗana mai shekara 17 ya shigo da wata riga mai zanen wata fuska mai wangamemen baki, haƙora duk a waje, a ƙasa an rubuta "Hula", alhali riga ce ba hula ba. Mahaifinsa ya ce ba zai bi shi masallaci da ita ba, shi kuma yaron ya kafe cewa ado ne kawai. Gidan ya ɗauki zafi, ni ce a tsakiya. Ka ba ni shawara.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kuma ina ganin a wannan karon maigida yana da hujja, ko da bai san sunan abin da ya ƙi ba. Fuskar da kika siffanta ita ce 'yan kasuwa suke kira "tiki". Asalinta gumaka ne da ake sassaƙawa da itace ko dutse a tsibiran Fasifik, kuma a Hawai ana kafa su ne a wuraren bauta da sunan manyan allolinsu na dā, wato Ku da Kane da Lono da Kanaloa. Sarakunan wurin da kansu suka rushe wannan tsarin addini a 1819, aka ƙone gumaka da yawa, shekara ɗaya kafin 'yan mishan su iso daga Amurka. Fuskar da ake bugawa a kan riguna a yau kuma ba daga wurin bautar ta taho kai tsaye ba, ta biyo ne ta wasu gidajen giya da aka fara buɗewa a Kalifoniya a shekarun 1930, waɗanda suka ƙawata bangonsu da kofunansu da kwaikwayon gumakan don jawo mashaya. To kin ga ta kowace fuska aka duba, ko gunki ne ko tallar mashaya, kuma 'yan asalin Hawai da yawa su ma ba sa jin daɗin ganin an mayar da abin da kakanninsu suka girmama abin wasa.

Kalmar "Hula" kuwa dacen harshe ne kawai, ba ta da alaƙa da hular da muke sawa. A harshensu sunan rawar gargajiya ne wadda ake haɗawa da waƙe, kuma a cikin waƙen nan suke adana tarihin sarakuna da jerin zuriya da sunayen wurare, kusan irin aikin da maroƙan fada suke yi a wurinmu idan suna jero kirarin sarakunan da suka shuɗe. An taɓa hana yin ta a bainar jama'a a 1830, daga baya Sarki Kalakaua, wanda ya hau mulki a 1874, ya farfaɗo da ita. Abin da za ki lura da shi a kan riga shi ne, galibi kalmar tana zuwa ne tare da hoton mace mai rawa wadda ba ta rufe jiki ba.

Maganar hukuncin salla da tufa mai hoto ta malaman fiƙihu ce, ni ba mai fatawa ba ne, kuma limamin unguwarku ya fi kusa da ku. Abin da zan iya tunatar da ke shi ne abin da ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa yin salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm da shi a karɓo masa marar zane, domin ya ɗauke masa hankali. Idan zane kawai ya kai haka, mutumin da ke sahun baya yana kallon haƙoran gunki a gadon bayan ɗanki yana da abin cewa.

Sai dai ina roƙon ki da maigida kada ku haramta masa salon gaba ɗaya, domin yaro ɗan shekara 17 idan aka toshe masa ƙofa ta taga yake fita. Mafi yawan waɗannan riguna furanni ne da ganyaye da igiyar ruwa da kwalekwale, babu abin ƙi a jikinsu. Ki ba shi kuɗin wata, ya je ya zaɓo da kansa, bisa sharaɗin babu fuska, babu hoton mace, babu kofi ko kwalbar giya. Akwai kuma abu na huɗu da na koya a gidana. Wani ɗan ƙanena ya taɓa zuwa ɗaurin aure da riga baƙa mai korayen ganyaye, yana ta taƙama wai ganyen kwakwa ne, har sai da wani dattijo da ya yi aikin kwastan ya ja ni gefe ya ce in ƙirga yatsun ganyen. Guda bakwai ne, sirara, gefensu kamar haƙoran zarto. Ganyen wiwi ne. Yaron bai sani ba, ya ɗauka ko da ba na kwakwa ba ne to na rama ne, kuma a gaskiya suna kama. Tun daga ranar nake shimfiɗa riga a kan tabarma in dube ta ciki da bai kafin in biya.

Idan kuma yana sa hular hana-salla, sunanta ya riga ya faɗi aibinta, tunda bakinta yana tokare ƙasa kafin goshi ya kai. Ya juya ta baya ko ya cire ta a bakin masallaci, ranar Juma'a kuma ya ɗauko zannarsa.

TAMBAYA: Malam, ina sana'ar gwanjo a kasuwar Muda Lawal. Idan na fasa dila nakan tarar da irin waɗannan riguna, wasu an rubuta a wuyansu cewa a Hawai aka ɗinka su, wasu kuma kamar an ɗinka yadin a juye, bayan yana waje. Duka kuɗi ɗaya nake sayar da su, masu juyayyen yadin ma har ragi nake yi. Yaya zan gane mai daraja?

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa, amma ragin nan da kake yi ka daina shi daga yau. Juya yadin ba kuskuren tela ba ne, da gangan ake yi. Kamfanin Reyn Spooner na Honolulu ne ya shahara da wannan dabara tun shekarun 1960, domin idan bayan yadin ne a waje launin yakan dushe ya yi sanyi, rigar ta dace da ma'aikacin banki ko lauya wanda ba ya son ya shiga ofis yana walƙiya. A can irin wannan ita ce rigar manya, mai ƙyalli sosai kuwa an fi barin ta ga baƙi 'yan yawon buɗe ido.

Sanin asalin rigar zai taimake ka wajen ciniki. An haife ta ne a Honolulu a shekarun 1930, a hannun baƙin da gonakin rake da abarba suka tara daga Japan da Sin da Filifin da Fotugal. Leburorin gonakin suna da tasu riga mai kauri mai zanen dara, wadda suke kira "palaka", sai teloli 'yan Japan suka fara yanka yadi mai furanni na kimono, tufar gargajiyarsu, suna ɗinka shi a kan fasalin rigar Turawa mai gajeren hannu. A 1935 wani shago mai suna Musa-Shiya ya yi tallar "rigar Aloha" a jarida. Kada sunan ya ruɗe ka, ba Malam Musa ba ne, mai shagon ɗan Japan ne, Koichiro Miyamoto. A daidai wannan lokaci wani ɗan kasuwa mai tsatson Sin, Ellery Chun, ya yi rajistar sunan ya shiga ɗinka su da yawa. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka da suka zauna a tsibiran suka koma gida da su a matsayin tsaraba, kasuwa ta buɗe.

Idan ka ɗauki riga, fara da aljihu. A riga mai daraja tela yakan yanka aljihun yadda zanensa zai haɗu da na jikin rigar daidai, furen da ya fara a ƙirji ya ƙarasa a kan aljihu ba tare da ya karye ba, har sai ka shafa da hannu kafin ka san akwai aljihu a wurin. Wannan aiki yana cin yadi da lokaci, shi ya sa masu ɗinkin sauri ba sa yin sa. Daga nan ka duba maɓallai: na ƙwarai sau da yawa da ɓawon kwakwa ake yin su, launin ƙasa-ƙasa, ba ka samun biyu masu kama ɗaya sak, wasu kuma da katako ko ɓawon kifin teku. Gindin rigar a miƙe yake, da 'yar tsaga a kowane gefe, domin ba a yi ta don a cusa a wando ba. Sunayen da za ka riƙe a ka sun haɗa da Reyn Spooner da Kahala da Tori Richard da Sig Zane, dukansu na Hawai ne, ko da yake wasu kamfanonin yanzu suna kai ɗinkinsu ƙasashen Asiya, saboda haka sunan kamfani daban, wurin ɗinki daban.

Sai yadi. Na dā da masu tara tsofaffin kaya a Japan da Amurka suke rububi, wato na shekarun 1940 da 1950, da rayon aka yi su, wani zare da ake sarrafawa daga ɓargon itace, mai santsi da sanyi kamar siliki. Ba na so in sa maka dogon buri, domin kafin a ɗaure dila a can an riga an tsince irin waɗannan, da wuya su tsallake. Amma ko a cikin na yau akwai bambanci tsakanin auduga ko rayon da yadin roba. Idan kana shakka, zare silin zare ɗaya daga cikin kalmasa ka kusanta shi da ashana. Auduga da rayon suna ci kamar takarda su bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu mai tauri, da wari irin na leda. Ka ware su kashi biyu, kowanne da kuɗinsa.

TAMBAYA: Malam, ina tuƙa Keke Napep a Azare. Na sayi irin rigar nan guda biyu don zafi, amma ɗaya tana dafa ni kamar an rufe ni a buhu, ɗayar kuma ta koɗe ta tsuke bayan wanki uku. Ko ba a yi su don ƙasarmu ba ne?

AMSA: Ƙanena, wadda take dafa ka roba ce, wadda ta tsuke kuma da alama rayon ce aka yi mata wankin ƙarfi. Ka tuna zafin Honolulu bai cika wuce digiri 31 ko 32 ba, ga iskar teku, alhali Azare a watan Afrilu tana haura 40, saboda haka auduga zalla ita ce taka. Rayon ba ta da ƙarfi idan ta jiƙe: ruwan sanyi take so da sabulu kaɗan, a juya ta ciki waje, kada a murɗe ta wajen matsewa, a shanya a inuwa, a yi mata guga da dutsen da bai yi zafi sosai ba. Hula kuma ba a cuɗa ta, da tsohon buroshi ake goge zufar da ke cikin bakinta, sannan a kifa ta a kan ƙwarya ko kwano ta bushe don kada ta lotse. Mai raga a baya ta fi shan iska. Amma idan don rana ce tsakani da Allah, malfa ta fi kowace hana-salla, tunda tana rufe kunne da ƙeya, kuma su kansu mutanen Hawai hularsu ta gado saƙa ce ta ganyen wata bishiya da suke kira "hala", kusan yadda ake saƙa tamu da kaba.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa daga Gombe. Ina da ɗan shago a Jekadafari inda nake buga rubutu da hotuna a kan riguna da huluna. Ganin yadda kayan Hawai suke tafiya, ina so in kwaso zanensu daga intanet in riƙa bugawa, har da wata tuta mai ratsi da na ga ana sa ta a kife. Me ka gani?

AMSA: Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka fiye da sauran, domin kai mai yi ne ba mai saye kawai ba, amma ban goyi bayan shirin yadda ka tsara shi ba. Fara da tutar. Tutar Hawai ce, mai ratsi takwas adadin manyan tsibiransu, da 'yar tutar Ingila a kusurwa. Kifa ta alama ce ta cewa al'umma tana cikin ƙunci, kuma 'yan asalin wurin suna ɗaga ta haka ne a zanga-zanga, kamar wadda suka yi a 2019 don hana gina wani katafaren madubin hangen taurari a kan dutsen Mauna Kea, wanda suke ɗauka wuri mai alfarma. Kukan wasu ne, bai kamata ya zama adon wanda bai san dalilinsa ba. Mutanen nan suna da kishin kalmominsu ƙwarai: a 2018 wani kamfanin abinci a Shikago da ya yi rajistar suna mai ɗauke da "Aloha" ya aika wa wasu masu gidajen abinci, har da 'yan asalin Hawai, takardar gargaɗin su cire kalmar daga sunan shagunansu, abin ya jawo bore sosai. Ka ƙaddara wani a Turai ya yi rajistar "sannu" ya ce kada mai shayi a Tudun Wada ya rubuta ta a allonsa.

Ta fuskar kasuwa ma lissafin bai fita ba. Duk abin da za ka kwafa, masana'antun Sin sun riga sun buga shi dubu-dubu a farashin da ba za ka iya karawa da shi ba, ga gwanjo kuma a gefe. Abin da ya kamata ka ɗauka daga Hawai shi ne hanyar aikin, ba zanen ba. Sig Zane, wanda ya buɗe shagonsa a garin Hilo a 1985, ya yi suna ne saboda yana zana tsirran ƙasarsa da hannunsa, irin su "ohia lehua", itacen da yake fara tsirowa a kan daskararren aman dutse, da "kalo", abincinsu na gado wanda al'adarsu take ɗauka kamar yayan ɗan Adam. Ka san mene ne kalo? Gwaza ce, wadda ake dafawa ana sayarwa a tasha. Furen da jiharsu ta zaɓa ya zama tambarinta a 1988, rawaya mai faɗin kunnuwa biyar, dangin yakuwa ne da rama da kuɓewa. Gobe da sassafe ka shiga gonar kuɓewa kafin rana ta ɗaga, ka tsuguna ka dubi furenta, ruwan ƙwai mai haske da jan ɗigo mai duhu a tsakiya, sannan ka gaya mini ko akwai abin da furen rigar Wunti ya fi shi. Abin dariyar ma shi ne rabin abin da ake bugawa a riguna masu arha da sunan Hawai baƙo ne a can: abarba daga Kudancin Amurka aka kai ta, farin furen nan mai ƙamshi da suke yin sarƙar wuya da shi kuma sai a 1860 aka shigar da shi.

Kai da ke Gombe ba ka rasa abin zanawa ba. Ga kuka da rassanta a lokacin da ta zubar da ganye, ga giginya, ga jan furen ɗorawa da ke reto kamar tuntu, ga auduga da ta buɗe, wadda da ita garinku ya fara yin suna, ga Dutsen Bima da ruwan Dadin Kowa, idan ka leƙo wajenmu kuma ga ruwan Wikki a Yankari. Ina ba ka shawarar ka fi karkata ga tsirrai da duwatsu da zayyana irin ta dagi, domin giwa da gwaggon biri za su yi kyau a ido, amma ka karanta wasiƙar Hajiya ta Jahun a sama ka ga inda cinikin zai tsaya. Idan lamba kake so a goshin hula, tsohuwar lambar wayar tarho ta Gombe 072 ce, ta Bauchi 077. Idan za ka rubuta Hausa, ka sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, domin mutanen Hawai ba sa yarda a yar da 'yar alamar da ke cikin sunan ƙasarsu idan sun rubuta shi "Hawai'i", wadda aikinta ɗaya da wadda muke sawa a "sa'a". Ajami kuwa ka yi hattara da shi a kan tufa, tunda jama'a suna girmama harafin Larabci, riga kuma har banɗaki ake shiga da ita.

Akwai wata dabara tasu da ta cancanci ƙungiyar teloli ta yi nazari. A 1962 masu ɗinkin Hawai suka raba wa kowane ɗan majalisar jiharsu riga biyu kyauta, suka yi ta matsa lamba har a 1966 aka fara barin ma'aikata su zo ofis da rigar gida ranar Juma'a, kuma daga nan ne al'adar sassauta sutura ranar Juma'a ta bazu zuwa ofisoshin Amurka. Mu Juma'armu ta riga ta zama ta kaftani da babbar riga, saboda haka kai ranakun da za ka nema su ne na makon al'adu a Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, da yawon salla, da ranar kallon ƙwallo.

Kada ka fara da yawa. Ka zana abu ɗaya, launi biyu, ka buga a kan auduga guda 20 da hula 10, surfanin hular kuma ka kai wa masu keken aiki maimakon fenti, domin fenti yana tsagewa a goshin hula idan rana ta dake shi. Ka ɗauki guda ɗaya ka wanke ta sau biyar ka shanya a tsakiyar rana kafin ka sayar da ko ɗaya. Idan ta tsira, ka aiko mini da mai furen kuɓewa ta ofishin mujalla, babba nake sawa, kuma zan biya kuɗinta.